Lefen Da Ba Zai Je Kano Ba

Badaru ya banko ƙofar ɗakin ƙanwarsa a unguwar Abu Hail, a ƙasar Larabawa, yana huci. "Thailand ta halatta auren jinsi. Ki fasa zuwa can saro kayan nan, ko in sa a soke bizarki ta zama a nan."

Mahfuza ko ɗagowa ba ta yi ba. Haɗa wa angwayen Kano lefe ne sana'arta, ga saiti biyu suna jerawa ita da Haoua, 'yar Maraɗin da suke zaune tare.

"Soke, Yaya. Gobe za mu tashi."

"Lefen mutane fa? Wane ango za a aika wa?"

"Babu ango." Ta zuge akwatin. "Wannan ni na haɗa wa Haoua. Wancan ita ta haɗa mini."