Gwaggo Tabawa Mai Shaida

Tun da ɓarayi suka koya wa na'ura kwaikwayon muryar mutane, aka kafa doka cewa banki ba zai saki kuɗin kowa ba sai wani mai rai ya shaida ya gan shi yau, ido da ido. A layinmu Gwaggo Tabawa ce mai shaida. A da takan wuni a zaure ba wanda ya leƙo ta, amma yanzu tun hantsi tabarmarta cike take.

Sallau tela ya shigo da sauri ya durƙusa.

"Gwaggo, ki gan ni don Allah. In ban biya mai yadi kafin azahar ba, wani zai sayar wa."

"Ni ba na ganin mai sauri. Zauna. Ya jikin Lantana?"

Dole ya zauna ya sha kunu, ya ba ta labarin matar tasa da haƙoran jaririnsu. Can wayarta ta yi ƙara.

"Ina kwana, Gwaggo," in ji muryar bankin cikin ladabi. "Kin ga Sallau yau?"

"Ga shi nan gabana, har ƙiba ya ƙara."

"Mun gode, an saki kuɗinsa. Ki daure ki sha maganinki, jiya ma ba ki sha ba."

Gwaggo ta tuntsire da dariya. "Ka ji 'yar albarka! Wallahi ta fi jikokina kula da ni."

Sallau ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu. "Gwaggo, ke kika gaya mata kina shan magani?"

"Ni? Ko jikokina ban gaya wa ba." Ta gyara zama, ta ɗaga murya. "Na gaba ya shigo!"