Ƙullun da Ya Yi Tsami a Bakin Tafki

Tun da kai aka damƙa wa kula da masu zuwa yawon buɗe ido a jihar nan, zauna in ba ka wani misali kafin ka kama aiki.

An yi wani ƙauye a bakin tafki, inda dorina ke fitowa shan hantsi. Duk Asabar da Lahadi motoci na sauke baƙi daga birane, su shiga kwalekwale a kai su kallo. A mashigar ruwan akwai wata mai masa, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu. Ba ta taɓa zama a aji ba, amma ta san inda kuɗin baƙo ke bi in ya bar aljihunsa. In ya sayi masa da safe, da la'asar kuɗin na hannun manomin da ke kawo mata shinkafa, gobe na wajen mai itace, jibi na wajen tsohuwar da ke gina mata tanda. Mai facin taya na ci, masu saƙar tabarma na ci, har hukuma ta ga abin da ke shigowa ta zuba wa hanyar garin kwalta.

Ana nan sai ɗaya daga cikin masu kwalekwalen ya ɓullo da wata mugunta. A gaɓa zai yi ciniki yana fara'a. Sai ya kai tsakiyar tafki, inda dorina ke huci dab da jirgi, ya ajiye abin tuƙi ya naɗe hannu, ya ce sai an ninka masa sau uku, in ba haka ba kowa ya yi iyo. Mai masa ta riƙa ganin baƙin na fitowa, yara na kuka, ba mai ko kallon tandarta. Ta bar masa a kan wuta ta je wajen sarkin ruwa, ta durƙusa ta ce, "Baba, mutumin nan a tukunyarmu duka yake zuba ƙasa. Ku raba shi da jirgin nan tun da sauran dama." Sarkin ruwa ya yi dariya, ya ce mutum ɗaya ne cikin ashirin, me zai ɓata? Ta koma kan tandarta.

Ba a yi wata biyu ba, mutumin ya tsare wani dattijo da jikokinsa a tsakiyar ruwa, cikin rana, har tsohon ya sume. 'Yar tsohon, wadda ita ma tana cikin jirgin, ta ɗauki komai a waya. Kafin mako ya zagayo hoton ya karaɗe ƙasa, kuma babu bakin da ya ce wani mai kwalekwale ne ya yi. Cewa aka yi mutanen garin nan, daga baya aka ce mutanen jihar nan. Motoci suka ɗauke ƙafa. Har masu masaukin baƙi a birni, waɗanda ba su taɓa ganin tafkin ba, suka sallami ma'aikata. Shi kuwa mai laifin ya sayar da jirginsa ya koma wani kogi, ko zazzaɓi bai yi ba.

Asabar uku a jere mai masa na kwaɓa ƙullu yana tsami ba mai saye. Ta cire babbar 'yarta daga makaranta. A ta huɗu ta ɗauki ƙwaryar ƙullun a ka, ta ratsa tsakiyar gari, manomin da mai itacen na zaune a inuwa ba aikin yi. Ta isa ƙofar sarkin ruwa ta juye masa ƙullun a gaban mutane, ta ce, "Ga abin da mutum ɗaya ya ɓata. Ka auna."

To, duk ranar da aka kawo maka ƙarar wanda ya cuci baƙo, kada in ji ka ce ai shi kaɗai ne. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce wake ɗaya ke ɓata gari.