Maginiyar Tukwane da Tsagar Bango

Tunda kin ce ba ki ga abin da ya haɗa yaɓen ɗaki da lafiya ba, 'yar'uwa, bari in ba ki misali. An yi wata maginiyar tukwane wadda ba ta kai tukunya kasuwa sai ta ƙwanƙwasa ta, ta saurara ko da tsaga. Wata rana ƙurji ya fito mata a bayan hannu, ba ya ciwo, ba ya kuma warkewa. A hankali ya zama gyambo mai tudun baki kamar bakin tulu. Aka yi mata lalas da ƙarfe mai zafi, aka shafa sassaƙe, duk a banza. Mata suka fara raɗa cewa kuturta ce. Kasuwa uku tana komawa gida da kayanta, ba wadda ta ɗaga ko murfi. Sai ta tafi asibiti. Aka kankari bakin gyambon, aka duba a madubin likita, aka ga 'yar ƙwayar cutar da ake kira lishmaniya. Ma'aikaciyar jinya ta ce mata: "Iya, ba kuturta ba ce. Wani ɗan ƙuda ne ke sa ta, bai kai sauro ba, ba ya ko kuka. Da rana yana ɓuya a tsagar bango, da magariba ya fito cizo."

Maginiya ta tuna damina uku ke nan ba ta yaɓe ɗakinta ba. Ta jure allura kwana ashirin ba fashi. Da gyambon ya kame, ta kwaɓa ƙasa da ramno, wato dakakkiyar ciyawa, ta bi bangon tsaga bayan tsaga tana liƙewa kamar mai gyaran randa, ta kuma ɗaura gidan sauro mai magani. Maƙwabciyarta ta leƙo tana dariya: "Uwar tukwane, yau kuma ɗaki za a gasa?" Bayan wata biyu, da irin ƙurjin ya fito wa mijin maƙwabciyar, ita ce ta fara zuwa roƙon a koya mata kwaɓin. Kafin wata damina unguwar duk ta sha yaɓe, sabon gyambo ya yi wuyar gani. Ranar da maginiya ta koma kasuwa ba ta rufe tabon ba. Da wannan hannun take miƙa tukunya, kuma kafin azahar ba ta da saura ko kasko.

Shi ya sa Hausawa suka ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.