Manomin da Ya Baje Jujinsa

Kai da kake cewa shara ai shara ce, ko a cikin me aka zuba ta, gyara zama ka ji abin da ya sami wani manomi.

A gidan da ya tashi, can wani ƙauye da titi bai riga ya ratsa ba, abin zuba shara kwando ne na kaba, gajere mai faɗin baki, an yaɓe cikinsa da laka da kashin shanu don kada tokar murhu mai zafi ta cinye shi. Ba murfi, ba kyan gani, wallahi ko kyauta aka ba ka sai ka yi shawara. Amma tsaya ka ga aikinsa. Da safe mata su share tsakar gida su zuba masa toka da ƙaiƙayi da ɓawon gyaɗa da kashin awaki. Kaji su hau su tsattsage 'yar tsabar da ta kuɓuce wa masu sussuka, akuya ta zura kai ta ɗauke ɓawon rogo. Abin da ya rage a kai juji bayan katanga, ya kwanta can yana ruɓewa. Da bazara a ɗora wa jaki mangala, a yi ta jigila zuwa gona ana zubawa tsibi-tsibi. Haka kakansa ya yi, haka ubansa ya yi. Daga baya garwar kananzir ta karɓi aikin kwandon, bayanta bokitin nan da ake yankowa daga tsohuwar taya. Dukansu bakinsu a buɗe yake, kuma duk hanyarsu ɗaya ce, juji. Allah sarki, zamanin nan! Gonar gidan ba ta taɓa ba su kunya ba, sabon gero kan tarar da sauran tsoho a rumbu.

To, sai mutumin naka ya je birni suna, 'yarsa ta haihu a gidan surukai. Can ya ga abin shara na roba, shuɗi, mai sheƙi, ka taka da ƙafa ya buɗe baki da kansa. Ya taka, ya sake takawa, babba da shi da gemunsa. Kunya ta kama shi da ya tuna in surukan nan suka kawo ziyara, juji da ƙudaje ne za su fara yi musu maraba. Ya sayo irinsa, ya ɗauro a bayan babur, ya girke a tsakiyar gida. Washegari matarsa Tabawa ta juye toka da zafinta kamar yadda ta saba tun tana amarya, gindin robar ya narke ya yamutse. Ya yi faɗa kamar zai ari baki, ya sake sayo wani. Daga ranar toka sai kwata, ruwa ya tafi da ita. Sauran shara kuwa a ƙulle a leda, a jefa kududdufi. Jujin ma ya sa aka baje, aka gina dakali a wurin.

Tabawa ta ce, “Malam, gonar fa, me za ta ci?”

Ya ce, “Ke dai kin cika tsohon yayi. Zamanin takin buhu muke.”

Gidan ya yi tsaf, wannan ba na musu. Surukai sun zo, sun zauna bisa dakali, sun sha fura, sun yaba. Shekarun farko ma takin buhun ya rufa asiri. Amma ƙasa kamar ciki take, ba ta rayuwa da gishiri kaɗai. A hankali baƙar ƙasar nan mai laushi ta koɗe ta koma rairayi, a yi ruwa da safe, kafin azahar ta bushe. Ƙuduji ya fito ya shaƙe geron tun yana ƙarami. Ya ƙara taki, shuka ta yi kore na 'yan kwanaki ta koma ɗorawa. Ya gane kuskurensa sarai, ya yi da-na-sani, sai dai juji ba a dare ɗaya ake tara shi ba.

Wata damina, tun gero bai yi bununi ba, Tabawa ta same shi a zaure, ta rage murya ta ce, “Malam, an kai ƙasan rumbu.” Bai yarda ba. Ya tuɓe riga ya shiga da kansa, ya laluba ko'ina, ba komai sai ƙura da kashin ɓera. Ranar kasuwa ya naɗe buhu ya cusa a hammata ƙarƙashin riga, ya bi ta bayan gari don kada a gan shi. A rumfar 'yan hatsi, wani dattijo mai awo ya ɗago kai ya gane shi, ya ce, “Ikon Allah! Ɗan gidan da muke saro gero, yau kai ne da buhu a hannu?” Ya sunkuyar da kai ya buɗe bakin buhun, idonsa ya cika da ƙwalla. Tun da aka kafa gidansu ba a taɓa yin awo ba, sai a kansa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira akan rasa ido.