Hoton Kurege don Hajiya

Ƙamshin ƙuli-ƙuli har yau yana mayar da ni bayan gidanmu na unguwar Sri Petaling, can ƙasar waje, wata la'asar ina 'yar shekara bakwai. Abba ya marmasa ragowar ƙulin da kakata Hajiya ta aiko daga Kano a kan katanga, ya durƙusa da kyamara. Ya ba Hajiya labari a waya cewa kuregen nan a bishiya yake, cikinsa ja, ita kuwa ta ƙaryata shi, wai kurege a rami yake, babu wani mai ciki ja a kan bishiya. Shi kuwa ya rantse sai ta ga hoto.

"Kada ki motsa, Mamana," ya ce.

Sauro na cin ƙafata, zufa na bin bayana. Can sai ga kuregen ya gangaro daga mangwaro, ya ɗauki ƙuli da hannu biyu yana shinshinawa. Na kasa daurewa, na kai wa sauron duka.

Wutsiya kawai ta fito a hoton. Hajiya ta ce ta mage ce, kuma har ta rasu ba ta yarda ba.

Yanzu in na ga kurege a reshe sai in sandare, sauro ya yi ta ci.