Dokokin Baba Saani

"Ka kai sha bakwai, tsaya. Kar ka ƙara kati ko hannunka na ƙaiƙayi," in ji Baba Saani, bas ɗin gidan caca na barin titin Fordham Road da su. "Takwas biyu, raba su. Goma biyu, kar ka taɓa. Ka wuce ashirin da ɗaya, an cinye ka."

Habibou ya haddace tsaf. Sabon direban tasi ne, yau zai fara zama teburin cacar kati ta blackjack. Matarsa kuwa ya ce mata yana filin jirgi jiran fasinja.

Ya bi dokokin sau da ƙafa, kuma ya ci. Ya fito baki har kunne, yana neman malaminsa ya ba shi tukuici.

A ɗakin jiran bas ya same shi yana barci a zaune, rungume da leda, bargo ya leƙo daga cikinta.

"Ƙyale shi ya huta," in ji Afua mai sayar da tikiti. "Ba ya shiga wurin cacar. Takardar wasan kyauta da ake ba fasinja yake sayarwa ya ci abinci. Bas ɗin nan ne ɗakinsa."

"Amma ya iya wasan!"

"Kaf unguwar Tremont babu kamarsa. A da tasi uku gare shi, ga mata da yara, kuma bai taɓa karya doka ko ɗaya ba. Shi ma ranar farko ci ya yi. In ajiye maka kujerar gobe?"

Habibou ya daɗe yana kallon bargon.

"Ta kusa da taga," ya ce.