Kwalbar da Ta Kwana da Kifi

Mai kifi ya saka maganin matarsa a firiza da hannunsa, ya rufe, ya ɗora dutse a kan murfin.

Matar tana fama da ciwon daji a mama. An yi mata aiki. Likita ya ce saura magani ta ƙarin ruwa, lokaci zuwa lokaci, kuma kada a tsallake ko ɗaya. Asibitin na gwamnati ne, maganin ma gwamnati ke bayarwa. Sai dai ba a ajiye shi a asibitinsu. Yana can babban ɗakin ajiya, tafiyar yini guda. Motar da ke kawo shi ta lalace, ba wanda ya san ranar gyaranta. Aka ce mai son nasa ya je ya ɗauko.

Ya rufe shago ya tafi da kularsa cike da ƙanƙara. Ya tarar da layi tun daga taga har bakin titi. Tsohuwar da ke gabansa ta ce ta sha zuwa, kullum sai a ce ya ƙare. Duk wanda ya baro tagar, sai mai kifi ya bi hannunsa da kallo.

Da layi ya zo kansa, ma'aikacin ko ɗagowa bai yi ba. Ya turo ƙaramin kwali mai kwalba a ciki ta ƙasan gilashi, ya ce a sa a sanyi, ya kira na gaba.

To, wa ya fi mai kifi sanin sanyi? Ya tsufa yana sayar da daskararren kifi. A sana'arsa abin da ya daskare ya tsira, wanda ya saki ya zama asara. Bai tambayi komai ba.

Wutar gidansu ba ta tsayawa, amma shago yana da janareta. Can ya kai kwalbar, ya gyara mata wuri a ƙasan firiza, inda sanyi ya fi ƙarfi.

Da ya faɗa wa matar, ta yi dariya tana dafe da gefen da aka yanka. "Baban yara, ka haɗa ni da kifinka ke nan. In na warke ina ƙarni, kai ka jawo."

"Ke dai ki warke. Ƙarni na saba da shi."

Ta tambaye shi ko sun faɗa masa yadda ake ajiyewa. Ya ɗaure fuska, ya ce shi ba za a koya wa sanyi ba.

Kafin ranar asibiti bai huta ba. Janareta ya yi tari, sai ya tashi ya je ya duba. Yana cikin auna wa mai saye kifi, sai ya bar sikeli ya je ya ɗaga murfi. Ranar da ya ga ruwan kwalbar ya zama dutse, a ranar ya ci abinci ya ƙoshi.

Ranar ta zo. Matar ta zauna a kujerar ƙarin ruwa, ta naɗe hannun riga, an riga an samo jijiya. Nas ta buɗe kula, ta ɗaga kwalbar sama ta duba. Ƙanƙara na yawo a cikin ruwan maganin. Ta tambayi inda ta kwana. Ya ba ta amsa yana buga ƙirji.

Nas ta ce sanyin firji ake nufi, ba na firiza ba. Wannan magani in ya daskare ya mutu, ko ya narke bai dawowa. Ta nuna masa gargaɗin a jikin kwali, ƙananan haruffa cikin harshen da ba ya ji. Ta buga waya ɗakin ajiya. Suka ce ya ƙare, ba su san ranar zuwan wani ba. Shi kuwa ciwon ba ya jiran mota.

Matar ta sauke hannun rigarta a hankali. Ba ta dube shi ba.

Jama'a, laifin nan ba na mutum ɗaya ba ne. Hukuma ta kawo maganin daji inda majinyaci yake, ta daina aiken dangi. Mai miƙa magani ya buɗe baki ya yi bayani. Kai kuma mai karɓa, komai saninka, ka tambaya.

Mai kifi ya durƙusa gaban nas ɗin, yarinyar da ya haife ta a shekaru. Ya riƙe kwalbar a tafinsa yana ɗumama ta.

"Sista, dubi, ta narke. Kifi ma narkewa yake yi a ci. Ki rufa min asiri ki sa mata."

Nas ta zare allurar daga hannun matar, ta manna auduga.

"Baba, ba zan sa mata ba."